Inshorar Kayan Aikin Hannu da Injinan da Aka Ajiye a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai ma'aikacin da in ya taso daga ofis sai ya tuɓe babbar riga ya shige gareji yana yankan katako har a kira magariba. Akwai malamin makarantar da ya ajiye injin walda a shagon ƙofar gida, yana haɗa kujeru da murhu don jin daɗinsa kawai. Irin kayan nan a hankali ake tara su, bana ɗaya baɗi ɗaya, shi ya sa mai su bai cika sanin yawan dukiyar da ke kwance a ɗakin ba sai ranar da ya tarar an ɓalle kwaɗo. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga yadda ake yi a Najeriya, kuma a kowane hali abin da ke rubuce a takardar yarjejeniyarka shi ne abin da za a bi.

Kayan da ba sana'a nake yi da su ba, me zai sa in yi musu inshora?

Ɗauki biro da takarda ka shiga ɗakin, ka rubuta kuɗin kowane abu a farashin yau: injin walda, giranda, zarton lantarki, injin huda, kwamfuresa, janareta, inbata da baturanta, har akwatin sifanoni. Mutane da yawa kafin su kai ƙarshen takardar sai su ga lissafin ya ba su tsoro. Mai sana'a in kayansa suka salwanta yana da ciniki da zai farfaɗo da shi, wataƙila 'yan ƙungiyarsu ma su yi masa karo-karo. Kai kuwa daga albashi ka tsakura ka tara, kuma daga albashin za ka sake farawa.

Amma in lissafin bai wuce abin da za ka iya mayarwa da albashin wata ɗaya ko biyu ba, gaskiya kwaɗo mai kyau da tukunyar kashe gobara sun fi maka amfani da inshora.

Ina da inshorar gida. Ba ta haɗa da kayan aikin ba?

Ya danganta da irin wadda ka yi. Wata ginin kaɗai ta shafa, wato bango da rufi da ƙofofi. Wata ta haɗa da kayan cikin gida. Ko mai haɗawa da kayan cikin, abin da kamfani ke nufi shi ne gado, kujeru, talabijin, firij da tufafi. Guduma da filaya da ɗan injin huda na gyare-gyaren gida yawanci suna shiga ciki ba gardama. Babban inji mai tsada shi ne ake samun saɓani a kansa, domin sau da yawa akwai iyakar kuɗin da za a biya kan abu guda in ba a ambace shi da sunansa a takarda ba. Ka kuma duba ko ɗakin aikin yana cikin abin da takardar ta kira gida. Garejin da ke manne da gini daban, rumfar kwano a bayan gida daban, shagon da ƙofarsa ke kallon titi shi ma daban. Ka sa a rubuta inda kayan suke kwana ƙarara.

Lokaci-lokaci nakan yi wa maƙwabta aiki su ba ni na goro. Wannan ya zama sana'a?

A nan ne mafi yawan rigima ke tasowa, don haka bari mu ɗan tsaya.

Inshorar gida an yi ta ne bisa cewa wurin mazauni ne. Da zarar wurin ya zama na kasuwanci, haɗarin ya canza: inji na aiki tsawon yini, baƙi na shiga da fita, kayan mutane na kwana a hannunka. Kamfani yana ganin bai karɓi kuɗin ɗaukar wannan nauyin ba, kuma zai iya ƙin biya gaba ɗaya, har da asarar falo da ɗakin kwana, in gobarar daga ɗakin aikin ta tashi.

Gyara wa maƙwabci ƙafar kujera sau ɗaya a wata ya miƙo maka dubu biyu bai cika zama abin magana ba. Amma in ka kafa allo a ƙofa, ko kana tallar gadajen da ka haɗa a WhatsApp da Facebook da farashi a jiki, ko ka ɗauki yaran da ke koyon aiki, ko kana karɓar kuɗin kafin alƙalami, to ko kai kana kiran abin sha'awa, mai tantance asara sana'a zai rubuta. Kuma ba sai ya sha wahalar bincike ba. Tsayawa kawai zai yi wajen mai shayin layinku ya tambaya, a ce masa, "Ai gidan mai walda kake nema."

Maganin abin mai sauƙi ne: faɗi gaskiya tun a fom ɗin neman inshora. Yarjejeniyar inshora a kan amana take, ya kamata ka bayyana duk abin da zai iya canza shawarar kamfani ko farashinsa. Ka rubuta cewa kana da ɗakin aiki, ga injinan da ke ciki, ga abin da kake yi da su, kuma wani lokaci kana sayar da ɗan abin da ka haɗa. Ko su amince haka nan, ko su ƙara ɗan kuɗi, ko su ce ka yi ta ƙananan 'yan kasuwa. Duk ukun sun fi a ce ka shekara biyar kana biya, ranar buƙata a nuna maka layin da ka tsallake. In daga baya ne sha'awar ta rikiɗe ta zama hanyar samu, ka sanar da su a rubuce a lokacin, kada ka jira sabuntawa.

Malamanmu sun ce inshora haramun ce. Akwai mafita?

Akwai, ita ce takaful. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disambar 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas, wanda ke ɓata ciniki, sannan ta halatta inshorar taimakekeniya da aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Tun kafin nan, a 1979, an kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan ƙarƙashin bankin Faisal.

A takaful, kuɗin da ka bayar gudummawa ce zuwa asusun mahalarta. Wanda masifa ta faɗa wa daga asusun ake biyansa. Kamfanin wakili ne mai kula da asusun yana karɓar ladan wakilci, ko kuma ya juya kuɗin ta hanyar mudaraba, wato ya yi kasuwanci da su a raba abin da aka samu, a harkokin da babu kuɗin ruwa. In shekara ta ƙare da rara, ana iya raba wa mahalartan da suka cancanta. A Najeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma a 2016 Noor Takaful da Jaiz Takaful suka samu lasisi, wasu suka biyo baya. Kowane yana da kwamitin malamai masu duba harkokinsa.

Abu ɗaya dai: kada ka zaci don sunan takaful ne za a yi maka sassauci a sharuɗɗa. Duk abin da aka faɗa a nan game da gaskiya a fom, ƙimar kaya da hujjoji, haka yake a can. Hasali ma ƙarya a takaful ta fi muni, tunda kuɗin 'yan'uwanka mahalarta za ka ci.

Nawa zan rubuta a matsayin darajar kayan?

Abin da za ka kashe ka mayar da su yau, ba abin da ka saye su ba. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an sakar wa kasuwa farashin naira a Yunin shekarar, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kusan duk injinan nan daga waje ake shigo da su, don haka wanda ya rubuta ƙimar kayansa a 2022 yana ta sabuntawa a kan adadin nan, a takarda yana da inshora, amma a zahiri kaɗan daga kayansa ya kare.

Ga yadda lissafin ke cizo. A ce kayanka sun kai naira miliyan 5 a yau, kai kuma miliyan 2 ka rubuta. Gobara ta ci na miliyan 1.5. Za ka zaci tunda asarar ba ta kai miliyan 2 ba za a biya ka duka. Ba haka ake yi ba. Akwai sharaɗin da ke cewa wanda ya rage ƙima shi ya ɗauki nauyin ragowar da kansa. Kashi biyu cikin biyar ka yi wa inshora, kashi biyu cikin biyar na asarar za a ba ka, wato naira 600,000. Daga nan kuma a cire ɗan kason da takarda ta ce mai kaya ne zai ɗauka a kowace asara. Shi ya sa duk lokacin sabuntawa ya kamata ka leƙa kasuwa ka tambayi farashi.

Kumbura ƙima kuma asarar kuɗi ce kawai. Ba a biyan mutum fiye da abin da ya rasa.

Sabon inji za a saya mini ko kuɗin tsoho za a ba ni?

Asalin ƙa'ida ita ce a mayar da kai inda kake kafin asara, don haka ana cire kuɗin tsufa da amfani. Injin da ya shekara shida ba za a ƙimanta shi da sabo dal ba. Wasu kamfanoni suna yarda da sharaɗin sabo a madadin tsoho in ka nema kuma ka rubuta ƙimar sabon. Ka tambaya kafin ka biya, a kuma rubuta.

Yawancin kayana na hannu ne, a Panteka da Ƙofar Ruwa na saye su, babu rasit. Yaya zan yi?

Wannan ba ya hana inshora. Wanda ya san yadda ake ciniki a Pantekar Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, ya san hannu da hannu ake yi, a gwada inji a gabanka, ka biya ka ɗauka. Abin da kamfani ke so shi ne hujjar cewa kayan sun wanzu, naka ne, kuma ga darajarsu.

Ka ware yammacin wata Asabar. Ka fito da kowane inji tsakar gida inda akwai haske. A jikin yawancinsu akwai ɗan farantin ƙarfe ko takardar da aka manna, galibi a gefe ko ƙarƙashin mariƙi, mai ɗauke da sunan kamfani, samfuri, ƙarfin wuta da lambar injin. Sau da yawa maiko da ƙura sun rufe shi, sai ka goge da tsumma da ɗan kananzir kafin rubutun ya fito. Ka ɗauki hoton injin gaba ɗaya, ka ɗauki na farantin kusa-kusa. Wanda farantinsa ya ɓace, ka buga masa alamarka da ƙusa a wani lungu ka ɗauki hoton wurin. Sannan ka zagaya ɗakin da bidiyo kana buɗe akwatuna kana faɗin sunan kowane abu. A littafi ka rubuta sunan kaya, lambarsa, shekarar saye, inda ka saya da farashin yau. In ta banki ka tura kuɗin, saƙon shaidar biya ma hujja ce. Mai shagon da ke sayar da irinsu zai iya rubuta maka takardar farashi.

Kada ka ajiye littafin a ɗakin aikin, don wutar da za ta ci injin ba za ta bar shi ba. Tura hotunan zuwa imel ɗinka ko wayar wani ɗan'uwa, ka kuma ba kamfani kwafin jerin a haɗa da takardarka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowace irin sata ake biya?

A'a. Inshorar fasa gida yawanci tana buƙatar alamar an shiga ko an fita da ƙarfi: ɓallallen kwaɗo, yankakken ƙarfen taga, fasasshen bango ko rufi. In ka bar ƙofa a buɗe ka tafi masallaci aka ɗauke giranda, ko yaron gida ya riƙa zare sifanoni ɗaya bayan ɗaya, da wuya a biya. Haka janaretan da ke kwana a fili ba keji ba sarƙa. Akwai kuma sharaɗin barin gida ba kowa na tsawon kwanaki, wanda adadinsa ke rubuce a takarda. Mai shirin tafiya aikin Hajji ko dogon kwas da iyalinsa duka ya duba wannan layin, ya sanar kafin ya tashi.

Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini injin walda da inbata. Gobara ce ai, ko?

A wurin kamfani ba gobara ba ce. Inshorar gobara ta gama-gari tana cire lalacewar da na'ura ta samu daga wutar lantarkin da ke cikinta, ko hauhawar wuta ce, ko haɗuwar waya, ko zafin aiki. In wutar ta kama ta bazu ta ci teburi da rufi da sauran kaya, za a biya waɗannan, amma ban da na'urar da abin ya fara daga cikinta. Mai son a kare wannan sai ya nemi ƙarin sharaɗi na musamman, ko inshorar lalacewar injina. Ita ma ba ta biyan tsufa, tsatsa, ko abin da aka san yana cinyewa kamar bel, haƙoran zarto da dutsen giranda.

Ina ajiye fetur, tina da fenti a ɗakin, kuma ina walda a ciki. Akwai matsala?

Babba ma. Ka faɗa musu, domin wasu takardun sun ƙayyade yawan man da za a ajiye a gida, wasu kuma suna sa sharuɗɗa kan aikin wuta. Ko babu inshora, walda da garin katako ba sa zama ɗaki ɗaya. Tartsatsi kan faɗa cikin garin katako ya yi ta ci a ɓoye ba hayaƙin kirki, sai dare ya raba ya tashi, balle a hunturu da komai ya bushe ƙayau. Shi ya sa ake son mutum ya zauna rabin awa zuwa awa guda bayan ya kashe inji kafin ya kulle ɗaki. Tsumman da aka shafa wa katako mai da shi, in aka dunƙule aka jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama da kansa. A baza shi a waje ya bushe ko a jiƙa shi a bokitin ruwa. Jarkar fetur ta kwana a wani wuri daban. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa, ba can ƙuryar ɗaki ba inda wuta za ta raba ka da ita, a ajiye bokitin yashi kusa.

Ambaliya fa?

Ba ta cikin inshorar gobara zalla. Sai an ce gobara da sauran haɗurra na musamman, wanda kan haɗa da ambaliya, guguwa, fashewar bututun ruwa da tarzoma. Yaƙi da ta'addanci galibi a waje suke. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ruwa ke yi lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024. Injin da ya kwana cikin ruwa da laka sai an yi sa'a yake tashi. In unguwarku tana cika da damina ka faɗa a fom, kuma ka ɗora injina kan benci ko dakali.

Gidan haya nake. Inshorar mai gida ba ta ishe ni ba?

Tasa ta gininsa ce. Kayanka kai za ka yi musu. Ka kuma tabbatar ya san kana walda ko kafinta a gidansa, don in wuta ta tashi daga wajenka kai za a bi.

Ni mace ce, ina da keken ɗinki biyu da injin surfani a ɗakina. Wannan bayanin ya shafe ni?

Ya shafe ki, Hajiya. In ɗinkin naki da na yara kawai kike yi, kekunan kayan gida ne, sai dai injin surfanin a ambace shi da sunansa saboda tsadarsa. In kina karɓar ɗinkin sallah da na biki, kin shiga sana'a, ki faɗa. Ki lura kuma atamfofi da leshin mutane da ke hannunki ba naki ba ne, inshorar kayanki ba ta shafe su ba sai an ƙara sharaɗin kayan amana. In kekunan cikin kayan ɗakinki suke, a rubuta sunanki a takardar, ko da maigida ne ya biya, domin mai kaya ake biya.

In na ba aboki aro, ko na ɗauki kayan zuwa gona ko gidan gini?

Kariyar tana tsayawa ne a adireshin da aka rubuta. Kayan da ke yawo suna buƙatar inshorar da ke bin kaya duk inda suke, kuma ita ma takan cire abin da aka bari cikin mota ba kowa. Wanda ka ba aro da hannunka ya ƙi dawowa da shi, wannan tsakaninku ne.

Ɗan maƙwabci ya shigo kallo zarto ya yanke shi. Wa zai biya asibiti?

Wasu inshorar gida suna da ɓangaren biyan diyya ga wanda ba ɗan gida ba in sakacinka ya ja masa rauni ko asara. Ba ya shafar kai kanka, iyalinka ko wanda ke yi maka aiki, kuma ba ya aiki in abin sana'a ne. Ka tambaya ko taka tana da shi. Ɗakin dai a riƙa kulle shi, a zare filogin zarto in an gama.

Nawa ake biya a shekara?

Wani ɗan kaso ne na jimillar ƙimar da ka rubuta, kuma yana hawa yana sauka gwargwadon irin gini, unguwa, tsaro da aikin da kake yi. Ɗakin bulo mai ƙofar ƙarfe ba zai zo ɗaya da rumfar katako ba. Nemi farashi daga wuri biyu ko uku, ko ta hannun dillalin inshora mai lasisi, wanda ladansa daga kamfani yake fitowa. Ka kwatanta abin da aka cire, kada ka tsaya kan farashi kaɗai. Sannan ka tuna ƙa'idar nan da NAICOM ta tsananta aiki da ita tun Janairun 2013: in ba a biya ba, babu kariya. "Zan kawo ƙarshen wata" ba ta aiki a nan. Ka biya ta asusun kamfani ka karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya, ba shafi ɗaya ba.

Abin ya faru. Me zan fara yi?

Bayan an tsira da rai, ka sanar da kamfani ko dillalinka a ranar, ta waya sannan a rubuce. In sata ce ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda, in gobara ce ka nemi rahoton 'yan kwana-kwana. Ɗauki hotuna kafin a taɓa komai. Ka yi abin da zai hana asarar ƙaruwa, kamar sa sabon kwaɗo ko rufe kaya da tamfol, amma ɓallallen kwaɗon ka ajiye shi. Kada ka sayar wa 'yan gwangwan ƙonannen inji, kada kuma ka kai gyara, sai mai tantance asara ya zo ya gani. In an biya ka kuɗin inji gaba ɗaya, gawarsa ta zama ta kamfani. Kuma kada ka cusa abin da ba ka rasa ba cikin jerin. Ƙarya ɗaya tana iya rushe neman diyyar duka.

In kamfani ya ƙi biya ko yana ja mini rai?

Ka nemi su rubuta maka dalili, da sharaɗin da suka dogara da shi. Takardar sallama da za su kawo, wadda ke cewa ka karɓi kuɗi kaza a matsayin cikakken biya, kada ka sa mata hannu sai ka gamsu da adadin. In ba ku daidaita ba, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke, sai ka kai kwafin takardar yarjejeniya, rasit, hotuna da duk wasiƙun da kuka yi musaya. Mazauna Nijar, Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin dokar inshora ta bai ɗaya ta CIMA, ƙungiyar kula da inshora ta wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kuma kokensu yana bi ta sashen inshora na ma'aikatar kuɗi. A Ghana hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ita ake kai wa.